Yadda Aji Ya Zama Abu A Harsunan Kwamfuta

Kwamfuta ba ta da hankalin kanta, abin da aka umurce ta shi ta ke yi, ba ƙari ba ragi. Umarnin nan kuwa rubuta shi a ke yi, cikin waɗansu harsuna da masana suka ƙago musamman domin wannan aiki, ko wane da sunansa da nahawunsa. Jerin umarnin da aka rubuta don biyan wata bukata shi a ke kira manhaja. Da ya ke na'urar ba ta jin kome sai lambobi, akwai wata manhaja dabam wadda ke aikin tafinta, tana juya abin da mutum ya rubuta zuwa abin da na'ura ke ji.

Da yawa daga cikin harsunan nan sun gina aikinsu bisa kalmomi biyu, watau abu da aji. Ya kamata mai karatu ya riƙe su da kyau, don a kansu labarin nan ya ke tafiya. Da farko aji rubutu ne kawai, tafinta ya karanta shi, ya yi aiki da shi, ya ajiye. Daga baya waɗansu masana suka mai da aji shi ma abu ne, ana iya riƙe shi, a tambaye shi, a miƙa shi, har a sake masa hali alhali na'ura tana cikin aiki. An yi wajen shekara arba'in ana wannan tafiya, daga birnin Oslo zuwa Kalifoniya, daga can zuwa Holan da Japan.

Mutum Biyu Na Oslo

A ƙasar Nowe, can arewacin Turai, an yi wani masanin lissafi mai suna Kristen Nygaard, wanda aka haifa a 1926. Ya yi shekaru yana aiki a ma'aikatar binciken sojan ƙasarsu, a nan ne ya san Ole-Johan Dahl, haifaffen 1931, gwanin rubuta manhaja. A 1960 Nygaard ya koma Cibiyar Kwamfuta ta Nowe da ke Oslo, daga baya Dahl ya biyo shi.

Abin da ya dami Nygaard shi ne yadda za a kwaikwayi al'amuran duniya cikin kwamfuta tun kafin a kashe kuɗi a kansu. Misali, jiragen ruwa nawa tasha za ta iya ɗauka, ko kuwa ma'aikata nawa za a sa a taga don kada layi ya yi tsawo. Harsunan zamanin, irin su Fortran da Algol, don lissafi aka yi su, sun iya tarawa da ɗebewa, amma ba su da hanya mai sauƙi ta cewa ga jirgi, ga tasha, ga mai jira. Saboda haka a 1962 mutanen nan biyu suka duƙufa ga ƙago sabon harshe bisa tushen Algol, suka sa masa suna Simula, daga kalmar kwaikwayo ta harsunan Turai. A farkon 1965 ya fara aiki bisa wata babbar na'ura, UNIVAC 1107. Aikin bai rasa gardama ba. An ba da labari wani sabon ma'aikaci ya taɓa sheƙowa da gudu, ya ce ga mutum biyu can sama suna faɗa gaban allo, aka ce masa ya kwantar da hankalinsa, Dahl da Nygaard ne ke shawara a kan Simula.

Wajen ƙarshen 1966 suna tunanin wani misali, watau gada wadda a ke biyan kuɗi kafin a ƙetare, ga layin motoci suna jira, akwai manyan motocin kaya, da na fasinja, da ƙananan motocin gida. Suka lura ko wace mota tana da abin da ta yi tarayya da sauran, kamar shiga layi da fita daga layi, tana kuma da abin da ya keɓanta ga irinta. Kafin wannan, wani masanin Ingila, Tony Hoare, ya riga ya kawo shawarar a riƙa kasa bayanai jinsi jinsi. Suka haɗa tunaninsu da nasa, suka fito da Simula 67, suka bayyana shi a wani taro a Lysebu, kusa da Oslo, cikin watan Mayu 1967.

A nan ne aka haifi aji. Aji shi ne bayanin jinsi, yana faɗin abin da ko wane ɗan jinsin zai ɗauka, da aikin da zai iya yi. A ce ajin Mota: ko wace mota tana da lamba da nauyi, ta iya shiga layi, ta iya biyan kuɗi. Ko wace mota guda da aka ƙirƙira bisa wannan bayani ita ce abu, ko kuwa a ce 'yar aji, da lambarta da nauyinta na kanta. Sa'an nan ana iya yin ajin Motar Kaya ƙarƙashin ajin Mota, ya ɗauki dukan halin Mota ba sai an sake rubutawa ba, ya ƙara nasa, kamar yawan kayan da aka ɗora. Wannan shi a ke kira gado, don barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Amma akwai iyaka. A Simula motoci suna nan cikin ma'ajiyar na'ura sa'ad da ta ke aiki, ana ƙirga su, ana sa su layi, shi kuwa ajin ba ya cikinsu. Misalinsa kamar hatimin ofis ne da aka sassaƙa tun kafin a buɗe ƙofa, aka kulle shi cikin akwatin ƙarfe, akawu ba ya ganinsa, sai dai ya danna ya ga tambari ya fito bisa takarda. In ana so a gyara ko harafi guda, sai an rufe ofis, an sallami masu jira, an sassaƙa sabo.

Alan Kay Da Saƙonni

A 1966 wani saurayi Ba'amurke, Alan Kay, wanda aka haifa a 1940, ya shiga Jami'ar Yuta don ƙarin karatu. Da ma ya karanci lissafi da ilmin ƙwayoyin halitta. Da zuwansa aka miƙa masa abu biyu ya duba. Na ɗaya bayanin Sketchpad ne, wata manhajar zane da Ivan Sutherland ya gama a 1963, inda mutum ke zana uwar siffa guda da alƙalami mai haske, ya fitar da 'ya'yanta da yawa, in ya gyara uwar sai 'ya'yan duka su gyaru. Na biyu kuwa Simula ne na farko. Kay ya ga abu guda su ke nufi, ya kuma tuna da jikin mutum, yadda ƙwayoyi masu ɗimbin yawa ke zaune ko wace cikin fatarta, ba mai shiga cikin wata, sai dai su aika wa juna alama. Ya ce a ransa haka ya kamata manhaja ta zama: abubuwa masu zaman kansu, suna aika wa juna saƙo, wanda aka aika wa shi ya san yadda zai amsa.

A 1968 ya ziyarci Seymour Papert, ya ga yara suna rubuta umarni da harshen Logo. Tun daga ran nan ya ƙudura niyyar yin na'ura wadda yaro zai iya riƙewa kamar littafi, ya kuma iya sake ta yadda ya ga dama. Kamfanin Xerox ya buɗe wurin bincike a garin Palo Alto na Kalifoniya a 1970, Kay ya shiga, ya tara ƙungiya, cikinsu har da Dan Ingalls da Adele Goldberg.

A 1972 musu ya tashi tsakaninsa da abokan aikinsa, ya ci alwashin zai iya tsara harshe mai ƙarfi wanda bayaninsa ba zai wuce shafi guda ba. Ya yi 'yan kwanaki yana tashi da asuba yana rubutu, Ingalls kuwa ya ɗauki abin ya sa shi aiki bisa na'ura. Suka kira harshen Smalltalk, ma'anarsa 'yar hira. Aka riƙa kawo yaran makarantun Palo Alto suna gwada shi, suna yin manhajojin zane na kansu.

Ka'idar Kay ta fari ita ce, kome abu ne. Lamba 3 abu ce, in an ce 3 a tara da 4, watau an aika wa 3 saƙo ke nan cewa ta tara kanta da 4. Harafi abu ne, tagar da ke bisa allo abu ce. Ka'ida ta biyu kuwa, ko wane abu ɗan wani aji ne. To, in kome abu ne, ina matsayin aji? Ba dama a ce kome, sa'an nan a ware guda. Lalle ne shi ma ya zama abu. A Smalltalk na 1972 an faɗi ka'idar, amma aji bai gama zama daidai da sauran abubuwa ba. A tsarin da Ingalls ya yi a 1976 maganar ta tabbata: aji yana zaune cikin ma'ajiya kamar kowa, kuma in ana son sabuwar mota, ajin Mota a ke aika wa saƙo cewa ya haifo ɗaya. An fito da hatimi daga akwati ke nan, an sa shi hannun akawu.

Wane Ne Ajin Aji?

Warware wannan ƙulli sai ya kawo wani. In aji abu ne, ko wane abu kuwa ɗan wani aji ne, to, ajin Mota ɗan wane aji ne? A 1976 amsar gajeriya ce: aka yi aji guda mai suna Class, dukan azuzuwa 'ya'yansa ne, har shi kansa. Amma da aka shiga aiki sai aibi ya bayyana. 'Yan aji ɗaya saƙo iri ɗaya su ke amsawa, saboda haka dukan azuzuwa sai halinsu ya zama ɗaya. Ga shi kuwa bukatarsu ta bambanta. Ya dace a iya ce wa ajin Kwanan Wata, “Ba ni yau,” ya fito da kwanan watan ranar, alhali wannan saƙo ba shi da ma'ana ga ajin Mota.

Smalltalk na 1980 ya yi maganin abin ta wata hanya. Ko wane aji aka ba shi ajinsa na musamman, wanda ba shi da ɗa sai shi kaɗai, a nan a ke rubuta aikin da ya keɓanta ga ajin. Wannan shi ne ajin aji. Da an ƙirƙiri aji, na'ura ta kan ƙirƙiro masa nasa ajin, ba sai an roƙa ba. Su kuma waɗannan duka 'ya'yan wani aji ne mai suna Metaclass. Mai hankali zai ce, ashe tsani ne ba shi da ƙarshe. Masu tsarin sun hango wannan, sai suka lanƙwasa tsanin ya zama zobe: Metaclass yana da nasa ajin aji kamar kowa, wannan ajin ajin kuwa ɗan Metaclass ne. Iyakar tsanin ke nan, mai hawa ya kan komo inda ya baro.

Amfanin wannan wahala duka shi ne, tun da aji abu ne, ana iya rubuta manhaja wadda ke yawo cikin azuzuwa, tana nuna wa mutum sunayensu, da iyayensu, da ayyukansu, ya gyara wanda ya so nan take. Cikin watan Disamba 1979 Steve Jobs na kamfanin Apple ya ziyarci wurin da mutanensa. An ba da labari ya ga rubutu yana hawa bisa allo layi layi, yana tsalle, ya tambaya ko zai yiwu ya riƙa tafiya sumul. Ingalls ya buɗe ajin da ke kula da wannan aiki, ya sake 'yan layuka, nan da nan rubutu ya shiga tafiya sumul, ba a kashe na'ura ba. Daga baya Jobs da kansa ya faɗa cewa tagogi da hotunan allon sun ɗauke masa ido, har bai kula da tsarin abu da aji da aka nuna masa ba.

A watan Agusta 1981 mujallar Byte ta ba da fitowarta ga bayanin Smalltalk, a 1983 kuma Adele Goldberg da David Robson suka buga littafin da ya bayyana harshen dalla dalla. Daga nan ilmin ya bazu.

Hanya Ta Rabu Biyu

Ba kowa ya bi Kay ba. Wani mutumin Danmak, Bjarne Stroustrup, ya yi aiki da Simula sa'ad da ya ke karatu a Kambirij ta Ingila, ya ji daɗin tsarinsa, amma ya ga ba shi da sauri. A 1979, yana ma'aikatar Bell a Amurka, ya fara ɗora aji bisa harshen C, abin da ya zama C++ a 1983. Shi ya koma ga al'adar Oslo: tafinta ya karance azuzuwa duka tun kafin a fara aiki, ya duba kurakurai, ya yanke ko wane hukunci, sa'an nan ya miƙa wa na'ura lambobi tsantsa. Irin wannan harshe a ce masa mai tsanani. Ribarsa sauri, da kama kuskure da wuri.

Irin su Smalltalk kuwa a ce musu masu sassauci, don su kan bar hukunci sai lokacin da aka zo kansa. In an aika wa abu saƙo, a sa'an nan ne a ke duba ajinsa, a nemi aikin da ya dace. Wannan neman yana cin lokaci, na'urorin zamanin kuwa ba su da ƙarfi. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. A 1984 Peter Deutsch da Allan Schiffman suka nuna dabarar rage wannan nauyi, watau na'ura ta riƙa tuna inda ta sami amsa a karon baya, ta fara duba can. Har yanzu harsuna masu sassauci suna cin moriyar dabarar nan. Duk da haka, cikin shekarun 1990 kasuwa ta fi karkata ga C++ da Java, Smalltalk bai zama na kowa da kowa ba. Tunaninsa ne ya yi ƙaura zuwa waɗansu gidaje.

Python

Cikin hutun Kirsimeti na 1989 wani mutumin Holan, Guido van Rossum, ma'aikacin wata cibiyar lissafi a Amsadam, ya fara rubuta sabon harshe don ya rage zaman banza. Ya sa masa suna Python, daga sunan wani wasan ban dariya na talabijin ɗin BBC, ya sake shi ga jama'a kyauta a watan Fabrairu 1991. Tun farko ya yi nufin kome na harshen ya zama abin da za a iya ba suna, a sa cikin jeri, a miƙa wa wani, har da aji.

Amma shekara goma gidan yana rabe biyu. Jinsunan da harshen ya zo da su, kamar lamba da jeri da ƙamus, dabam su ke, azuzuwan da mai rubutu ya yi da hannunsa su ma dabam, ba a yarda na biyu su gaji na farko ba. Van Rossum ya karanta wani littafi a kan ajin aji wanda Ira Forman da Scott Danforth suka rubuta, ya ɗauki shawarwari daga ciki, a Python 2.2 na watan Disamba 2001 ya rushe katangar. Tsohon tsari ya ci gaba da zama gefe guda don kada manhajojin mutane su lalace, sai a Python 3.0 na Disamba 2008 aka kawar da shi. An daina kula da Python 2 a farkon 2020.

Ga yadda abin ke gudana. A Python bayanin aji umarni ne kamar sauran umarni, sai na'ura ta iso kansa ta ke aikata shi. Ta kan bi layukan da ke ciki, ta tara sunayen da ta samu cikin ƙamus guda, ko wane suna da abin da ya ke nufi. Sa'an nan ta kira wani aji mai suna type, ta ba shi abu uku: sunan sabon ajin, da iyayen da zai gada, da ƙamus ɗin nan. Shi type sai ya ƙera ajin ya miƙo. Ba abin da zai hana mai rubutu ya kira type da kansa, ya ba shi abubuwan nan uku, ya sami aji wanda ba a taɓa rubuta shi a takarda ba. Python bai bi Smalltalk wajen ba ko wane aji nasa ajin ba. In ba a faɗi wani ba, type ne ajin dukan azuzuwa, shi ne kuma ajin kansa, nan zoben ya rufe.

In an tambayi abu wani suna, galibi a kan fara duba ƙamus ɗinsa na kansa, in babu a duba na ajinsa, in babu a hau wajen iyaye. A ce an rubuta cikin ajin Mota kuɗin gada naira 200 ne, an kuma riga an ƙirƙiri mota dubu suna layi. Ba ko ɗaya da ke ɗauke da lambar nan a jikinta, duk wadda aka tambaya wajen aji ta ke dubowa. In aka sake lambar cikin aji ta koma 300, nan take mota dubun nan za su ce 300. Sai fa wadda aka rubuta mata nata kuɗin dabam, ita nata za ta faɗa, don shi a ke fara gani.

Amfani Da Haɗari

A Japan, Yukihiro Matsumoto ya fara harshen Ruby a 1993, ya sake shi a Disamba 1995. Shi ya fi kusa da Smalltalk, ya ma fi Python sakin hannu. Python ba ya yarda a taɓa azuzuwan da ya zo da su, kamar na lamba, amma a Ruby ko wane aji a buɗe ya ke, mai rubutu na iya koya wa lambobi sabon aiki in ya so.

Amfanin abin ya fito fili wajen gina shafukan intanet. A garin Lawrence na jihar Kansas, masu rubuta manhajar wata jarida, Adrian Holovaty da Simon Willison, sun fara wani kayan aiki da Python a 2003, aka sake shi a 2005 da sunan Django. A cikinsa mutum ya kan rubuta aji kawai, ya ce Labari yana da kanu, da marubuci, da kwanan wata. A daidai lokacin da a ke ƙera ajin, wani ajin aji na musamman ya kan karance shi, ya shirya yadda za a ajiye labarai cikin rajista, da yadda za a nemo su. Aikin da da sai an rubuta shafi da yawa ya koma 'yan layuka. Da Django aka gina Instagram a 2010. Haka kuma Ruby on Rails, wanda David Heinemeier Hansson ya fitar a 2004, ya dogara ƙwarai bisa buɗaɗɗun azuzuwan Ruby. Masu gwajin manhaja su ma suna cin moriya, don su kan cire aikin gaske daga aji na ɗan lokaci, kamar aikin biyan kuɗi, su sa na wasa a gurbinsa, su gwada ba tare da ko kwabo ya motsa ba.

Haɗarin kuwa daga wurin amfanin ya ke fitowa. Hatimin da ke hannun akawu yana hannun duk wanda ya shigo ofis. Manhajar zamani ba mutum ɗaya ke rubuta ta ba, gutsattsari ne na mutane da yawa waɗanda ba su san juna ba. In biyu daga cikinsu suka gyara aiki guda cikin aji guda, na baya ya kan shafe na farko ba sanarwa, kuskuren kuwa ba zai bayyana ba sai ran da aka bi ta kansa, watakila a tsakiyar aikin mutane. Mai neman tushen ɓarnar zai karanta ajin yadda aka rubuta shi, ya ga lafiya lau, alhali wanda ke cikin na'ura ya riga ya sake kama. Saboda haka masu harsunan suka shiga yin shinge. A 2013 Ruby ya kawo hanyar da gyaran mutum zai tsaya cikin iyakar rubutunsa kaɗai. A 2016 Python 3.6 ya kawo hanya mai sauƙi wadda aji zai riƙa duba magadansa sa'ad da a ke ƙera su, don a rage bukatar rubuta ajin aji. Gwanayen sana'ar kuwa sun saba gargaɗin almajiransu kada su taɓa ajin aji sai in ba wata hanya.

Ƙarshen Magabata

Waɗanda suka fara wannan tafiya ba ƙwarewar lissafi kaɗai ta dame su ba, sun damu da wanda zai mallaki na'ura. Daga 1971 zuwa 1973 Nygaard ya yi aiki tare da ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe ta Nowe, don ma'aikata su sami bakin magana kan irin kwamfutar da za a kawo musu wurin aiki. Kay kuwa so ya ke kada a yi wani sashe na na'ura wanda aka kulle wa mai amfani da ita, ko da yaro ne. Mai da aji abu reshe ne na wannan niyya, don shi ya ba mai aiki ikon duba dokar da a ke aiki da ita, ya kuma gyara ta.

An ba Dahl da Nygaard lambar Turing ta 2001, wadda ita ce babbar lambar girma ta ilmin kwamfuta. Ba su daɗe ba bayan wannan, Dahl ya rasu ran 29 ga Yuni 2002, Nygaard ya bi shi ran 10 ga Agusta na shekarar. Alan Kay ya karɓi tasa ta 2003.

Gani ya kori ji. Mai karatun da ya sami kwamfuta mai Python yana iya gwada abin da kansa cikin minti guda. Ya tambayi lamba 7 ajinta, za a ce masa int, watau ajin cikakkun lambobi. Ya tambayi int ajinsa, za a ce masa type. Ya tambayi type ajinsa, za a sake ce masa type.